Honorabul Ebenezer Ya Zaɓa Wa 'Yan Aji Biyar Littafi

Mijina Francis ya koyar da Turanci a sakandaren da ke bayan unguwarmu a nan Zuru tun kafin a yaye wasu daga cikin malaman da ke wurin yanzu. Ya rasu ana tsakiyar shuka. Bai bar mini mota ba, bai bar shago ba. Littattafai ya bari, kwali kan kwali, a ƙaramin ɗakin da ke kusa da rumbu. Yana kwance a asibiti ya ce mini, "Theresa, ki kai su makaranta. Kada su ruɓe a ɗaki." Na ce to. Ni a firamare na tsaya, abin da na sani game da littattafan nan shi ne nauyinsu, don ni ce mai share ƙarƙashinsu. Amma na ce masa to, kuma ban taɓa ce wa Francis to na fasa ba.

Sai dai a dangin mijina akwai wata al'ada. Idan mutum ya rasu, ana sa wa ɗakin kayansa kwaɗo, mabuɗi ya zauna a hannun babban wansa har shekara ta zagayo, sannan dattawa su zauna a buɗe. Babban wan Francis kuwa shi ne Ebenezer.

Shekarun baya Ebenezer ya tsaya takarar kansila. Ƙuri'un da ya samu ba su kai yawan bakunan da ke cin tuwo a gidansa ba. Tun daga ranar ya zama Honorabul, kuma wanda duk ya kira shi da sunansa tsirara, ba ya juyowa. Yana da gilashi wanda ba na gani ba ne, na sakawa ne idan zai faɗi magana mai girma. Da aka ba shi mabuɗin ɗakin ƙanensa, sai ya zura masa igiyar takalmi ya rataya a wuya, yana yawo da shi a kan riga kamar tsofaffin sojojin garinmu ranar da suka fito da lambobinsu.

Damina ta yi nisa, na leƙa ta taga, na ga gara ta ja hanyarta a bango ta nufi kwalaye. Na same shi a gindin mangwaro.

"Yaya, gara ta shiga ɗakin Francis."

"Honorabul."

"Honorabul, gara ta shiga ɗakin Francis."

"Matarmu, gara ba ta cin ilimi."

"Takarda take ci."

"Al'ada ta ce shekara. Ki gaya wa garar ta jira."

Ana cikin haka sai ga Malama Amatullah ta yi sallama wata rana da yamma. Ita aka ba ajin Francis, kuma shi ya koyar da ita tun tana 'yar yarinya mai kitso biyu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mama, alfarma na zo nema. Wannan zangon 'yan aji biyar za su yi darasin Turanci a kan siyasa. Littafin da gwamnati ta sa bai isa ba, ana son a haɗa musu da na ƙari: wasan kwaikwayo, gajeren labari, jawabai, sharhin jarida. Makaranta ba ta da su. Malam yana da su, na sani, don a hannunsa na karanta. Shugabar makaranta ta ce idan kun ba mu, za a ware kanta guda a ɗakin karatu a rubuta sunansa."

Na buɗe baki zan ce mata to.

Wanda ya amsa shi ne Ebenezer. Kunnensa bai kama komai a maganar ba sai kalma ɗaya. Ya taso daga gindin mangwaro yana lalubar gilashi.

"Siyasa kika ce? Yarinya, Allah ya kawo ki inda ya dace. Kin san da wa kike magana?"

"Na sani, Baba."

"Ba ki sani ba. Ni ne siyasar ƙasar Zuru. Daga nan har Sakaba babu rumfar da ban tsaya na yi magana ba."

Maƙwabciyata Fadima mai waina tana jin mu ta kan katanga. Ta ce, "Gaskiya ne. Har rumfata ya tsaya ya yi magana, sai da waina ta ƙone."

Bai ko kalle ta ba. Ya ce wa Malama ta kwantar da hankalinta, shi da kansa zai zaɓa wa yaran abin da za su karanta. Ta ce, "Baba, da dai ka bar ni na shiga na duba, ba zan daɗe ba." Ya ce bare ba ya shiga ɗakin mamaci. Na ce to ni fa, matarsa? Ya ce ni ma bare ce, aure ne ya kawo ni.

Ya buɗe kwaɗon ya shiga shi kaɗai, ya turo ƙofa. Muna waje muna jin kwalaye suna faɗuwa, yana atishawa. Da ya fito, jar ƙasar gara ce a hannun rigarsa har gwiwar hannu, yana rungume da littattafai uku, kowanne ya isa a danne murfin tukunya.

"Siyasa abu ne mai nauyi," in ji shi. "Na ɗaga kowane littafi a ɗakin nan na ji. Waɗannan su suka fi."

Malama ta ɗauki na farko. "Baba, wannan ƙamus ne."

"Akwai kalmar da ɗan siyasa ya taɓa faɗa wadda babu ita a ciki?"

"Wannan kuma littafin waƙoƙin coci ne."

"Wace jam'iyya kika sani da ba ta da waƙa?"

Ta juya na ukun, ta daɗe tana kallon bangonsa. "Wannan na kiwon zomaye ne."

"Yawwa. Shi ne ma babban. Ka ba su ganye, su hayayyafa, su bi ka. Abin da na yi da magoya bayana ke nan."

Fadima ta ce, "To kura ta cinye su ke nan ranar zaɓe."

Malama yarinya ce mai kunya. Ta yi godiya, ta ce za ta ɗauki ƙamus ɗin, sauran a mayar. Ebenezer ya ce ai ya gane, littattafan Francis sun tsufa, siyasar takarda ce. Yara suna bukatar siyasa mai rai. Ya mayar da kwaɗo, ya gyara mabuɗi a ƙirjinsa. Ni kuma na tsaya ina kallon ƙasar da ke hannun rigarsa.

Washegari ya fita da wuƙar tebur da buhu. Ya bi gari yana ɓamɓare fastocin 'yan takarar zaɓen ƙaramar hukuma da ya wuce, daga jikin tasha, daga turakun lantarki, daga bayan shagunan kasuwa. Har wadda Fadima ta liƙa don toshe ramin kwanon rumfarta bai bari ba. Ruwa ya sauko da rana, ya zubo mata cikin ƙullu.

"Wanga mutum, mi na yi maka?" Tana riƙe da ludayi a ƙofar gidanmu. "Fuskar ciyaman ce ke tare mini ruwa. Shi ne aikin da ya taɓa yi mini tun da aka zaɓe shi!"

"Don ilimi ne, Hajiya."

"Ilimi zai sha ƙullun?"

Ranar Litinin da sassafe, kafin malamai su iso, ya shiga aji biyar da kwanon koko ya liƙe fastocin a bango. Da yake bangon bai isa ba, sai ya jera na ɗan takara ɗaya a sama, kusa da allo, na abokin hamayyarsa kuma a ƙasa, daidai inda ake jingina tsintsiya da kwandon shara. Abin da bai tambaya ba shi ne su waye 'yan ajin. 'Yar na sama tana ciki. Ɗan na ƙasa ma yana ciki.

Kafin a tashi tara labari ya kai gida. Uwar yaron ta zo da zani a ɗaure a ƙugu, ƙannenta mata na biye da ita. Uwar yarinyar ta zo ita ma, ta ce ai inda jama'a suka ajiye kowa nan aka liƙa shi. Ni ina sayar da ƙosai a bakin ƙofar makarantar, da idona na ga takalmi ya fito ta taga. Ebenezer ya tsaya a tsakaninsu ya ɗaga hannu, ya ce, "Mata, mata, wannan shi ne darasi a aikace!" Kwandon sharar nan a kansa ya ƙare. Shugabar makaranta ta kira mai gadi, ta nuna masa Ebenezer, ta ce ƙafar mutumin nan kada ta sake wuce ƙofa.

Na same shi a gida yana cire ɓawon gyaɗa daga hularsa. Na ce, "Yaya, don Allah ka ba Malama mabuɗin. Abin da take so yana cikin ɗakin nan."

"Kin ga yadda aji ya motsa? Francis ya taɓa motsa aji haka?"

"Francis bai taɓa dawowa da shara a ka ba."

"Matarmu, yau na gano matsalar. Yaran nan ba su da wanda za su yi koyi da shi. Tarihin babban ɗan siyasa suke bukata, na gida, wanda suka sani."

"Waye?"

Ya saka gilashi.

Da yamma ya zo ya ce in ara masa furogiram ɗin jana'izar Francis, wato ɗan littafin nan da ake bugawa a raba a coci, mai hoton mamaci da tarihinsa da jerin waƙoƙi. Guda ɗaya ya rage mini, a cikin Littafi Mai Tsarki nake ajiye shi. Ya ce duba wani abu kawai zai yi. Na ɗauko na ba shi. Ya zauna da shi a gindin mangwaro kwana da kwanaki, yana kwafa yana lasar biro, yana korar awaki don kada su katse masa tunani.

Abin da ya faru a shagon buga takardu, mai shagon ne ya ba ni labari daga baya. Godswill sunansa, bai daɗe da zuwa garin ba, bai san kowa ba, kuma aikinsa daga katin aure sai furogiram na jana'iza. Ebenezer ya ajiye masa rubutun, ya ɗora hoto a kai. Hoton na lokacin takara ne, yana da suma baƙa ƙirin da kumatu kamar an hura. Mutumin da ke tsaye a shagon kuwa mai sanƙo ne da furfura.

Godswill ya ce, "Baba, waye wannan?"

"Honorabul Ebenezer. Babban mutum. Zuru ba za ta sake samun irinsa ba."

"Ayya. Sannu, Baba. Yaya kake so a yi shi?"

Ebenezer ya zaro furogiram ɗin mijina ya buga a tebur. "Kamar wannan sak. Kada ka rage komai. Amma hoton ya fi wannan girma."

"Yaushe ne taron?"

"Asabar mai zuwa da safe, a gidanmu. Ka rubuta kowa ya zo."

Shi ƙaddamar da littafi yake nufi. Godswill kuwa ya yi abin da yake yi kullum. Ya ce ya roƙe shi ya dawo ya duba kafin a buga, Ebenezer ya ce shi ba ya duba aikinsa, don ba ya kuskure.

Ranar Laraba ya karɓo kwalaye. Ya zaro littafi ɗaya ya tsaya a tsakar gida yana kallo. Daga inda nake daka ina hango hoton, an kewaye shi da gajimare da farar kurciya. Na ce ya kawo in gani, ya ɓoye a ƙirji, ya ce sai ranar ƙaddamarwa. Shi kansa hoton kawai ya kalla, ya kalla, har ya share ƙwalla. Ya aika wa mai gadin makaranta kwali guda a kan kabu-kabu, da goro, da saƙon a ba kowane yaro ɗaya ya kai gida iyayensa su gani. Na ce me ya sa ba zai raba da kansa ba. Ya ce babban marubuci ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Bai ambaci cewa an hana shi ƙofar ba.

Sauran kwalin ya ɗaure a bayan wani babur, ya hau, ya ce zai je Ribah ya nuna wa shugabannin makarantun can, kada su ce an manta da su. Wayarsa kuwa ko a Zuru ba ta cika shiga ba, balle a can.

Mai gadi ya manta da kwalin a ƙarƙashin bencinsa sai ranar Juma'a. Da aka tashi, ya raba.

Ina kwashe ƙosan ƙarshe na ji ihu daga wajen unguwa. Kafin in isa gida, mata sun cika ƙofa. Fadima ta rungume ni tana kuka. "Theresa, wace irin shekara ce wagga? Ƙane ya tafi, wansa ya bi shi!" Ta miƙo mini littafin. Ga Ebenezer cikin gajimare. Ga shekarar haihuwa, ga ta bana a gefenta. Ga waƙoƙin da aka rera wa Francis, ga karatun da Fasto ya yi, ga wurin da aka ce za a sauke gawa.

Na ce, "Yaya bai mutu ba. Ribah ya tafi shekaranjiya."

"A hanyar Ribah ɗin ne, ai."

"Wa ya gaya miki?"

"Ga shi an buga!"

Na gaya wa matan zumuntar coci da suka iso da tulunan kiɗansu. Shugabarsu ta dafa ni ta ce haka baƙin ciki yake yi, mutum ya ƙi yarda. Na gaya wa Fasto, ya ce zai yi mini addu'a ta musamman. Wani ya ce babur ne ya kife. Wani ya ce ya ga motar da ta ɗauke shi. Wani ya ce shi dama tun ranar kwandon shara ya ga alamar mutumin ba zai daɗe ba. Aka yi ta kiran wayarsa, ba ta shiga, kowa ya girgiza kai. Aka tura matasa Ribah su zo da gawa, wasu kuma suka ɗauki diga suka nufi bayan gida, kusa da kabarin Francis.

Malama Amatullah ta zo gaisuwa idonta ja. Na ja ta gefe na gaya mata. Ta buɗe littafin ta karanta tarihin, sai na ga ta rufe baki da mayafi.

"Mama, an rubuta ya koyar da Turanci shekara da shekaru. An rubuta uba ne ga marayu, yana sayen alli da kuɗinsa."

"Na Francis ne. Suna kawai ya canza."

Wannan ne ya sa na zauna. Duk abin da Yaya ya yi ban yi kuka ba sai a nan.

Matar Ebenezer, Maman Goodness, tana Kanya wajen aikin gona, aka ɗauko ta. Tun daga bakin titi take birgima. Da aka zaunar da ita, ta ce a karanta mata abin da aka rubuta. Wata 'yar kwaya, wato cikin mawaƙan coci, ta karanta tana fassarawa, har ƙarshe. Maman Goodness ta tsaya da kuka.

"Ina sunana?"

"Babu, Mama."

"Duba da kyau."

"An ce ya bar dubban magoya baya."

"Dubban wa? Ni da na yi ta noma ina ciyar da shi da magoya bayan?" Ta gyara ɗaurin kallabi. Daga nan kukan nata ya koma na lokaci-lokaci, idan baƙo ya shigo.

Asabar da safe an kafa rumfuna har kan titi. An jera kujerun coci, an kawo lasifika, tukwane suna kan wuta. Sai Baba Yari, dattijon dangi, wanda ko tsayuwa sai da sanda, ya sa aka kira ni.

"Matar Francis, mabuɗin ɗakin mijinki yana ina?"

"A wuyan Yaya, Baba."

"Mamaci ba ya riƙe wa mamaci mabuɗi. Haka muka gada. Kafin a sa Ebenezer a ƙasa sai an fasa kwaɗon nan, kaya su koma hannun matar mai su. In ba haka ba ya tafi da nauyin ƙanensa a wuya."

Tun jiya nake faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa mutumin nan yana da rai, har muryata ta dushe. A nan dai na ga ya kamata in huta. Na ce, "Yadda kuka ce, Baba."

Bugu ɗaya da taɓarya kwaɗon ya faɗi. Kwalayen ƙasa gara ta gama da su, kana ɗagawa sai gari. Na sama sun tsira. Malama ta durƙusa tana buɗewa tana shafawa, tana cewa, "Ga shi nan. Ga wannan ma. Har da jaridun da ya yanka." Na kira 'yan ajinta da suka zo gaisuwa, kowa ya ɗora kwali a ka, suka bi ta bayan gida suka nufi makaranta. Na tsaya na ga na ƙarshe ya sha kwana.

'Yan kwaya sun shiga waƙa ta biyu ke nan sai ga kabu-kabu ya shigo layi. A bayansa Ebenezer ne cikin babbar riga, gilashi a hanci, zakara a hammata, ƙullin dawa a cinya. Ya ga rumfuna. Ya ga kujeru cike. Ya ga hotonsa a hannun kowa. Ya ce wa mai babur ya rage gudu, ya miƙe tsaye a kan ƙarfen ƙafa, ya ɗaga hannu yana juyawa dama da hagu.

Wadda ta fara ganinsa shugabar zumunta ce. Ta saki tulunta ya fashe. Daga nan ban san wanda ya riga wani ba. Kujeru suka kife, 'yan kwaya suka bi ta cikin masara, wani mutum mai ciwon ƙafa da aka kawo a goye ya tsallake kwata da kansa. Fasto bai gudu ba, amma ya koma bayan tukunyar shinkafa yana addu'a da ƙarfi. Fadima ta haye katangarta, wadda take cewa ƙugunta ba ya bari ta hau ko kujera.

Ebenezer ya sauka, ya ɗauki abin magana.

"Jama'ar Zuru, na gode! Ku zauna, ku zauna, kowa zai samu sa hannu. A Ribah ma haka aka yi. Shugabar wata makaranta tana ganin littafin ta fashe da kuka. Ga zakaran da ta ba ni. Wani ya ba ni dawa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri da juriya. Haka ake karɓar marubuci!"

Baba Yari bai iya gudu ba, don haka shi ya rage a kujerar gaba. Ya miƙa sanda ya zunguri cikin Ebenezer. Ya sake zungura.

"Kai, Ebenezer."

"Honorabul, Baba."

"Kai ne, ko kuwa?"

"Ni ne mana."

"To an buga ka mutu."

"Wa ya buga?"

Godswill yana wurin, ya zo ganin yadda aikinsa ya karɓu. Ya fito daga ƙarƙashin tebur yana nuna shi. "Baba, kai ka kawo! Kai ka ce Zuru ba za ta sake samun irinsa ba!"

"To ƙarya na yi?"

Baba Yari ya ɗora masa littafin a hannu ya ce ya karanta bangon. Ya cire gilashin don ya gani. Ya daɗe yana motsa leɓe. Zakaran ya zame daga hammatarsa ya bi cikin kujeru.

Mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kuma duk wanda ya dawo da faɗa yake dawowa. Shugabar zumunta tana neman tulunta. Masu haƙa suka fito daga bayan gida da laka har wuya suna tambayar wa zai shiga ramin, tunda sun gama. Maman Goodness ta taso a hankali, ta tsaya a gabansa.

"Sannu da dawowa, mai dubban magoya baya."

"Maman Goodness, kuskuren inji ne."

"Injin ne ya cire sunana?"

Fadima daga kan katanga ta ce, "Ni hawayena nika so a mayar mini. Ƙullu na bari na zo na yi maka kuka!"

A nan idonsa ya kai ga ɗakin Francis, ya ga ƙofa a buɗe, ciki wayam. Ya dafe mabuɗin da ke wuyansa.

"Wa ya buɗe? Shekara ba ta cika ba! Al'ada fa?"

"Al'adar ce ta buɗe," in ji Baba Yari. "Ka mutu jiya."

"Ga ni a tsaye!"

"Wannan tsakaninka da mai buga takarda ne. Mu dai mun yi gaisuwa, mun fasa kwaɗo, kuma ba a mayar da shi. Ka tuɓe rigar nan ka karɓi shebur. Ramin da aka haƙa maka, kai za ka cike."

Ya cike shi kuwa, da rana tsaka, jama'a suna zaune a inuwar rumfa suna cin shinkafar jana'izarsa, suna gaya masa inda bai daddale ba.

Malama Amatullah ta zaɓa wa yaran wani wasan kwaikwayo na sarki da 'yan majalisarsa, da gajeren labarin zaɓe a wani ƙauye, da jawabai, da sharhin jaridun da Francis ya yanka ya ajiye. Ta haɗa da littafin Ebenezer, tunda kowane yaro yana da shi. Ta sa su ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da za a iya tabbatarwa, su kewaye wadda yabo ce kawai. Ta ce mini layi bai yi yawa ba, kuma inda aka ja shi duk na Francis ne.

Ebenezer da ya ji labari ya saka gilashi ya zagaya kasuwa yana faɗa wa mutane cewa littafinsa ya shiga manhaja, kuma babu marubucin da ya taɓa tara jama'a irin tasa a ƙasar Zuru.

Godswill ya kawo mini furogiram ɗina har gida, yana ta ba da haƙuri. Na mayar da shi inda yake. Kantar tana nan a ɗakin karatu, an rubuta sunan Francis da farin fenti. Idan na gama ƙosai nakan leƙa ta taga in ga yara a tsugune a gabanta.

Mabuɗin yana wuyan Yaya har yau, a kan riga. Ɗakin kuma na share shi na zuba kaji. Zakaran Ribah ne babbansu.